An ci moriyar ganga a gidan Dungeons & Dragons

Ranar Alhamis, 7 ga Disamba, 2023, aka taru a birnin Los Angeles aka bai wa wasan kwamfutar nan Baldur's Gate 3 kambun gwarzon wasa na shekara. Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ne ya ƙera shi, amma duniyar da ke cikinsa da dokokinsa da dodanninsa duk aro ne daga Dungeons & Dragons, wasan da kamfanin Wizards of the Coast ke bugawa daga garin Renton a jihar Washington ta Amurka. Kwana huɗu tsakani, ranar Litinin 11 ga wata, Chris Cocks, shugaban kamfanin Hasbro da ya mallaki Wizards, ya aika wa ma'aikata takarda cewa za a sallami mutum 1,100, ban da kusan 800 da aka riga aka rage a cikin shekarar. Saura mako biyu cif a yi Kirsimeti. Ka ƙaddara ana saura kwana 14 Sallah, an kai ɗinkin yara wurin tela, sai a miƙo maka takardar sallama.

A 'yan kwanakin da suka biyo baya ne shugaban Larian, Swen Vincke, ya faɗi wata magana da har yau take ci mini rai. Ya ce cikin mutanen Wizards da suka zauna da su a ɗakin taro tun farko, lokacin da ake ƙulla maganar wasan, kusan babu wanda ya rage. Baldur's Gate 3 ya kawo wa Hasbro kimanin dala miliyan 90 a wannan shekarar kaɗai, ba tare da sun ɗauki nauyin ƙera shi ba. Waɗanda suka ƙulla cinikin kuwa an nuna musu ƙofa.

Da na yi wa wani abokina zancen, sai ya ce mini, “Malam, ina ruwan biri da gada? Turawa sun kori Turawa a kamfanin wasan yara, kai mene ne naka a ciki?” Tambayarsa ta cancanci amsa, kuma ba za ta amsu ba sai an san wane irin wasa ake magana.

Ina ɗalibi a Ingila na fara ganinsa, a ɗakin girkin gidan kwananmu. Mutum biyar sun kewaye tebur, kowa da takarda da fensir, ga waɗansu 'ya'yan ludo masu siffa iri-iri, har da mai fuska 20. Babu allon wasa, babu kati, babu na'ura. Wata yarinya da ke zaune a kan tebur ta rage murya ta ce, “Kun iso bakin wata tsohuwar rijiya a bayan gari. Igiyar guga tana motsi, alhali babu iska. Me za ku yi?” Ɗaya ya ce zai leƙa. Ɗaya ta ce ita dai ta ja da baya ta ɗana kibiya. Wanda ya leƙa aka ce ya jefa mai fuska 20 ɗin nan, ya jefa, ta ba shi 3, sai tebur ya ɗauki ihu, don kowa ya san wani abu zai cafko shi. Na zo dafa taliya ne, na ƙare ina tsaye fiye da awa guda da tukunya a hannu. Abin da ya kama ni shi ne na gane shi. Tatsuniya ce, sai dai masu sauraro ba sa tsayawa a “ta zo mu ji ta”. Shiga ciki suke yi, kowa ya zama mutum guda a labarin, ɗan ludo kuma ya yanke hukunci idan an yi gardama tsakanin niyya da sa'a. Yanzu shekaru ke nan ni ke jan labarin a daren Asabar ta intanet, da abokai da ke warwatse tsakanin Kano da Abuja da Manchester.

To, abin da kamfanin Wizards ke sayarwa a wannan wasa littattafai ne. Littafin dokoki, littafin dodanni, littafin labaran da mai jan labari zai bi. Ba su da ma'adini a ƙasa, ba su da injin da wani bai da shi. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a 1974, kamfanin TSR ya buga kwafi 1,000 a ɗan garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, kuma daga ranar zuwa yau jarin sana'ar bai canza ba: mutanen da suka san yadda ake rubuta doka guda ta yi aiki a tebur dubu ɗari da ba su taɓa gani ba. Wannan sani ba ya zama a cikin kwamfutar ofis. Yana cikin kan editan da ya tuna cewa an taɓa gwada irin wannan doka shekara goma da suka wuce ta lalata wasa, da mai kula da zane da ta san wane mai zane ne zai iya fitar da tsoro a fuskar dodo ba tare da ya zama abin dariya ba. Ranar da ka sallame su, ka sallami abin da kake sayarwa. Shi ya sa nake ganin korar da aka yi zalunci ce, kuma a lokaci guda wauta ce ta kasuwanci. Amsata ga abokina ke nan: duk mai cin abinci da ƙwaƙwalwarsa, marubuci ne ko mai zane ko malami, wannan labarin nasa ne, ko a ina yake zaune.

Da a ce sau ɗaya abin ya faru, da sai a ce tsautsayi. Amma a duba wannan jeri. Jonathan Tweet shi ne jagoran masu tsara bugu na uku na wasan, wanda ya fito a 2000 ya farfaɗo da shi bayan TSR ya durƙushe, Wizards ya saye shi a 1997. An sallame shi a Disambar 2008. Rob Heinsoo shi ne jagoran bugu na huɗu da ya fito a 2008. An sallame shi a Disambar 2009. Mike Mearls yana ɗaya daga cikin mutum biyun da suka jagoranci bugu na biyar na 2014, bugun da ya fi kowane karɓuwa a tarihin wasan. An sallame shi a Disambar 2023. Bugu uku a jere, jagorori uku, wata ɗaya. Richard Baker, wanda ya fara aiki tun zamanin TSR, shi ma a Disambar 2011 aka sallame shi. Har ta kai masu bin wasan sun saba, idan Disamba ta kama sai su fara sauraron sunan wanda zai tafi bana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a ƙarshen Disamba kamfani ke rufe littafin shekara, kuma ana so a shiga sabuwar shekara da lissafin albashi mai sauƙi da za a nuna wa masu hannun jari. Kalandar akanta ake bi. Cewa ranar ta faɗo daidai lokacin da iyalai ke cikin hidimar biki da tsananin sanyi, wannan bai shiga lissafi ba.

Kuma a Amurka rasa aiki ya wuce rasa albashi. Yawancin ma'aikata ta hannun kamfani suke samun inshorar lafiya, su da iyalinsu. A kusan dukkan jihohin ƙasar, doka ta yarda mai kamfani ya sallami ma'aikaci ba tare da ya ba da dalili ba. Sana'ar rubuta irin waɗannan wasanni kuma ƙarama ce ƙwarai, kamfanonin da ke iya biyan albashi cikakke da inshora ana iya ƙirga su da yatsu. Wadda ta yi fiye da shekara 25 a wurin, irin Liz Schuh da ke kula da harkar ɗab'i da lasisi kuma aka haɗa da ita a korar 2023, ba ta da wani kamfani makamancinsa a tsallaken titi da za ta koma.

Dole in yi adalci ga ɗaya ɓangaren, don suna da hujja. Hasbro kamfanin kayan wasan yara ne tun asali, mai Monopoly da Nerf da Transformers da Play-Doh, hedikwatarsa a lokacin tana Pawtucket ta jihar Rhode Island. Lokacin kullen korona iyaye sun yi ta sayen kayan wasa, da aka buɗe gari kuma ga tsadar rayuwa, sai kasuwa ta ja baya. A 2023 cinikin kamfanin ya sauka da kashi 15 cikin 100 zuwa kimanin dala biliyan 5, ya kuma rufe shekarar da asarar kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Mafi yawan mutum 1,100 ɗin nan ba ma daga Wizards suke ba. Babu mai hankalin da zai ce kamfanin da ke asara ya zauna ya naɗe hannu.

Sai dai a tambaya: daga ina asarar ta fito? A ƙarshen 2019, zamanin tsohon shugaba Brian Goldner, Hasbro ya sayi kamfanin fina-finai na eOne a kan kuɗi kusan dala biliyan 4, da burin zama gidan fim. A 2023 ya sayar wa Lionsgate ɓangaren fim da talabijin ɗin a kan kimanin dala miliyan 500, ya riƙe shirye-shiryen yara irin su Peppa Pig. Kaso mai yawa na asarar shekarar daga wannan rami ya fito. Ɓangaren Wizards da wasannin na'ura kuwa a shekarar cinikinsa ƙaruwa ya yi da kashi 10 cikin 100, kuma shi ne ke ɗauke da ribar gidan. Wasan katinsu, Magic: The Gathering, tun 2022 ya haura cinikin dala biliyan ɗaya a shekara. Babu editan littafin dodanni ko ɗaya da aka tambaya ra'ayinsa kafin a sayi eOne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganar karɓar kuɗi kuma ba salon magana ba ce kawai. A cikin wannan shekarar ta asara, Hasbro bai taɓa rabon ribar masu hannun jari ba: santi 70 a kan kowane hannun jari duk wata uku, jimilla dala miliyan 388. Abin da aka biya Cocks a 2022, albashi da hannun jari da sauran alawus, ya haura dala miliyan 9. Kuma shi ba baƙo ba ne a Renton. Shi ya shugabanci Wizards daga 2016 har zuwa 2022 da aka ɗaga shi, ya san fuskokin mutanen nan, nasarar da suka yi ce tsanin da ya taka. Idan jirgi ya yi nauyi har sai an zubar da kaya, ana duba wanda aka fara jefawa a ruwa, daga nan ake gane abin da matuƙi ya ɗauka da daraja. Akwai wata hanyar, kuma an taɓa bin ta. Marigayi Satoru Iwata na kamfanin Nintendo a Japan ya yanke rabin albashinsa a 2011, ya sake yankewa a 2014, lokacin da ciniki ya yi ƙasa, ya kuma shaida wa masu hannun jari cewa ma'aikacin da ke kwana da fargabar kora ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. Na san rabin albashin mutum ɗaya ba zai biya mutum dubu ba. Amma yana nuna wa na ƙasa cewa ana tare a cikin wahalar, kuma a sana'ar da ta dogara da zuciyar ma'aikaci wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani abu da ke ƙara wa lamarin ɗaci. Duk abin da marubuci ya ƙirƙira yana ma'aikacin kamfani, na kamfani ne. Dodon da ya zauna ya ƙago da daddare, garin da ya zana taswirarsa, dokar da ya yi wata shida yana gyarawa, ranar da ya fita duk a nan zai bar su, kuma za a ci gaba da sayar da su shekara da shekaru ba tare da sisinsa ba. Ya sa hannu a kan haka, gaskiya ne. Amma yarjejeniyar tana da wani ɓangare da ba a rubuta ba, wanda kowa ya fahimta: na ba ka abin da ke kaina, kai kuma ka ba ni zaman lafiyar aiki. Kamfanin da ya riƙe ɓangaren farko ya yi watsi da na biyu ya ci amana, ko da babu kotun da za ta kama shi. Ba yau aka fara ba ma. Gygax kansa, wanda ya haifi wasan, an ƙwace masa ragamar TSR a 1985, ya fita ya bar ɗansa a hannun wasu.

Mu masu wasan ma muna da namu laifin, kuma ban cire kaina ba. A Janairun 2023, wata 11 kafin korar, aka bankaɗo cewa Wizards na shirin soke lasisin da ya bayar tun 2000, wanda ya bai wa ƙananan kamfanoni damar rubuta littattafai a kan dokokin wasan kyauta. Sabon tsarin zai karɓi kashi 25 cikin 100 na cinikin da ya haura dala 750,000. Duniyar wasan ta tashi tsaye. Mutane suka yi ta janye kuɗin wata-wata da suke biya a D&D Beyond, manhajar da Hasbro ya saya a 2022 a kan dala miliyan 146. Fiye da mutum 15,000 suka cike takardar jin ra'ayi, mafi yawansu suka ce ba su yarda ba. Ranar 27 ga Janairu kamfanin ya janye gaba ɗaya, har ya saki ainihin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba ya sokuwa. Cikin mako uku muka durƙusar da kamfanin biliyoyin daloli. Da Disamba ta zo, aka kori mutanen da suka rubuta mana littattafan, me muka yi? Muka rubuta jaje, muka yi Allah wadai na kwana biyu, sannan muka koma jiran sabon littafin cikar wasan shekara 50 da zai fito a 2024. Ni ma na saya. Ashe mun san hanyar da ake sa kamfani ya ji, mun bi ta ne kawai ranar da abin ya taɓa namu.

Su kuwa ma'aikatan sana'ar, wasunsu sun daina jiran tausayin kowa. A Oktoban 2021 ma'aikatan Paizo, kamfanin da ke buga wani wasa irin wannan mai suna Pathfinder a garin Redmond, can kusa da Renton, suka kafa ƙungiyar ƙwadago, irinta ta farko a wannan sana'a. Abin da ya fi burge ni shi ne marubutan da ke yi wa kamfanin aikin kwangila daga gida, waɗanda ƙungiyar ba za ta ma rufe su ba, su ne suka ce ba za su miƙa aikin da ke hannunsu ba sai an amince da ita. Cikin kusan mako guda kamfanin ya amince. Ƙungiya ba ta hana kasuwa faɗuwa, ba ta kuma hana rage ma'aikata idan abin ya zama dole. Abin da take yi shi ne ta sa a zauna a rubuta tun da wuri: wa za a fara taɓawa, sanarwar kwana nawa za a bayar, nawa ne kuɗin sallama, wa za a fara kira idan al'amura sun gyaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ganin duk mai aiki a irin wannan gida ya kamata ya nemi wannan kariya tun yana ganin hasken fuskar shugabansa.

Wani zai ce ai waɗanda aka kora ba su mutu ba. Haka ne. Tweet da Heinsoo sun haɗu sun fitar da nasu wasan, 13th Age, a 2013. Mearls ya koma kamfanin Chaosium a 2024. Amma waɗannan su ne masu suna, waɗanda jama'a za su bi duk inda suka je. Mai duba kuskuren rubutu, da mai tsara shafi, da mai amsa koken masu saye, babu wanda zai tara musu kuɗi a intanet don su buɗe nasu kamfanin. Su ne mafi yawa a kowace kora, kuma su ne ba a jin labarin inda suka ƙare.

Shi kansa kamfanin Wizards bai tsaya ba. A Maris ɗin 2025, 'yan makonni bayan ya fitar da Sigil, manhajar da aka yi ta tallatawa cewa ita ce za ta mayar da teburin wasa cikin kwamfuta, ya sallami kusan mutum 30, wato kusan kashi 90 cikin 100 na masu aikinta. Wata guda bayan haka Chris Perkins da Jeremy Crawford, manyan ginshiƙan bugu na biyar, suka bar gidan. Su ba korarsu aka yi ba, da ƙafarsu suka fita. Kafin watan Yuni ya ƙare sun koma Darrington Press, kamfanin da ke buga Daggerheart, ɗaya daga cikin wasannin da ke neman raba kasuwa da Dungeons & Dragons.

Kwanan baya, kafin mu fara wasan daren Asabar, na ɗauko tsohon littafina na 2014, wanda bayansa ya fara ɓallewa har na liƙe shi da salatif. Na buɗe shafin da ba mai karantawa, inda aka jera sunayen waɗanda suka yi aikin da ƙananan haruffa. Shekara nawa ina amfani da littafin nan ban taɓa tsayawa a shafin ba. Na fara karanta wa abokaina sunayen ɗaya bayan ɗaya. A can sama akwai mutum biyu, Mearls da Crawford. Na gangaro na iske Perkins a cikin editoci, na iske Liz Schuh can ƙasa. Ƙaramin cikinmu, wanda bai daɗe da shigowa wasan ba, ya katse ni ya ce, “Yaya, wai duk waɗannan suna nan har yanzu?” Na ce masa huɗun nan dai babu ko ɗaya. Aka yi shiru a layin na ɗan lokaci, sannan ya ce in ci gaba da karantawa har ƙarshen shafin.